Kilo Sittin da Huɗu, Ba Ragi

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Kilo 64. Zagayen ciki santimita 94.

Matar da ke kula da abincin marasa lafiya a asibiti ce ta ba ni littafin nan. Ta ce in riƙa rubuta nauyina kowace safiya, da abin da na ci, da tafiyar da na yi. Na ce mata ni direban bas ne, rabona da dogon rubutu tun makaranta. Ta ce ai ba wasiƙa ta ce in rubuta ba. Ta auna ni da tef irin na tela, hannu da cinya da ciki, shi ya sa na sa mata suna Malama Awo. Ba ta sani ba.

Zan rubuta dalilin sau ɗaya, ba zan sake ba. Hantar Yaya ta gaza. Likita ya ce sai an yanki wani ɓangare na hantar ɗan'uwa an sa mata. An gwada mu huɗu, ni kaɗai na dace. Amma da suka ɗauki hoton tawa sai suka tarar kitse ya shige ta, kashi ashirin da biyu cikin ɗari. Su kuma ƙasa da goma suke so.

Na ce to sai in daina cin abinci. Likita ya cire tabarau ya ce a'a. Wai ni dogo ne, 64 ɗin ma da ƙyar take isata. In na rame tsoka ce za ta tafi, kuma ba zai sa wa ramammen mutum wuƙa ba. Kitsen ya tafi, nauyin ya tsaya. Na ce, "Likita, wannan ai kamar ka ce in sauke fasinja ne amma motar ta zauna a cike." Ya ce haka ɗin ne, in sauke waɗannan in ɗauki wasu. Ya ba ni mako shida. Na ce Yaya fa, mako nawa gare ta? Sai ya mayar da tabaransa.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

64. Ƙwai uku, wake, kifi. Shayi ba sukari. Na kasa shanyewa.

Shekara goma sha tara ina zaune a bayan sitiyari, lemon kwalba a gefena, biredi a kan cinya. Hannuwana kamar sillen kara, ciki kuwa kamar na saka tukunya a riga. A tasha Tumbi suke kirana, ina amsawa ina dariya. Ashe lissafi ake yi mini a ciki.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ɗakin Yaya a hawa na huɗu yake. Matakala tamanin da takwas. Malama Awo ta ce in manta da lif. Na iso ina haki kamar tsohuwar mota a kan tudu, sai da na tsaya a bakin ƙofa numfashina ya dawo kafin na shiga.

Ba ta san komai ba. Ni da mijinta muka yanke a bar ta a kan cewa ana jiran magani daga wani wuri. Mun san ta. Ita ta raine ni tun ina shekara shida da mahaifiyarmu ta rasu, har yau kuma in na yi tari a gabanta sai ta taɓa goshina.

Idanunta sun yi ruwan ɗorawa. Ta ce, "Auta, me ka ci?" Na ce na ci. Ta turo mini biskit ɗin da aka kawo mata, na ce a ƙoshe nake. Ta dube ni ta ce tun da uwarmu ta haife ni ba ta taɓa jin na ƙi biskit ba. Mijinta ya tashi wai zai ɗebo ruwa, alhali ga ruwa nan a kan tebur.

Asabar, ƙarfe shida na safe

64.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Tsohon bakaniken garejinmu ya ga ina tafiya ina zagaya motoci lokacin hutu. Ya ce, "Tumbi, kuɗi ka yar ne?" Na gaya masa. Ban yi niyya ba, bakina ne ya kufce. Sai ya shige ciki. Yau na zo na tarar ya yi walda, ya haɗa ƙarfen taya biyu a kan wani bututu, ya naɗe wurin riƙo da roba. Ya ce, "Ɗaga goma, ka huta, ka sake. Kada ka yi mini gaggawa, ƙarfe ba ya son gaggawa."

Na ɗaga shida. Ya ce ya ga matattun batura da suka fi ni ƙarfi.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

63 da rabi. Na sauka daga sikeli na sake hawa. Haka dai.

Talata, ƙarfe takwas na dare

Maman yara tana dafa komai yadda aka rubuta. Ta manna takardar a jikin firji, tana auna mai da ƙaramin cokali. Ba ta taɓa cewa kada in yi ba. Amma yau tana ɓare mini ƙwai sai na ga ta daɗe a kan guda ɗaya, har ta ɓare farin da ɓawon. Na ce lafiya? Ta ce ƙwan ne sabo, ba ya ɓaruwa.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

64. Ciki 92.

Santimita biyu a kwana goma sha biyu. Malama Awo ta ce madalla. Na ce mata a wannan tafiyar sai mun shekara ba mu isa ba. Ta ce jiki ba ya jin magiya. Na ce a ƙara mini wani abu, ƙwaya ko allura, ko mene ne. Ta ce babu. Tafiya, ƙarfe, abinci, barci. Ta sake faɗa a hankali kamar mai koya wa yaro karatu.

Na saba in na taka mota ta tafi. Wannan kuwa na taka har ƙasa, ko gezau.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Sun zuƙe wa Yaya ruwa daga ciki. Ban kalli robar ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na ƙara huji a bel. Da ƙusa na yi, ya fito a karkace.

Yaya ta gani. Ina sunkuyawa in gyara mata matashi ta kama bel ɗin da yatsa biyu. Ta ce, "Wannan hujin ba na kamfani ba ne." Na ce wandon ne ya buɗe. Ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ta ce in zauna. Na zauna.

"Ba ka da lafiya ne kuke ɓoye mini?"

Na ce lafiyata ƙalau.

"To me ya kai ka ofishin likitana ranar Juma'a? Nas ta ce ta gan ka."

Na dubi mijinta, shi kuma ya dubi takalminsa. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta yi shekara ashirin tana koyar da 'yan aji uku, ta san fuskar masu laifi. Mijin ne ya fara karyewa, ya faɗa mata duka, har da kashi ashirin da biyun.

Sannan ta ce, "Na raine ka ne don a feɗe ka kamar rago?" Na ce ba fiɗa ba ce, kuma likita ya ce hanta tana sake tohuwa. Ta ce, "Kai da ko farce aka yanke maka sai ka yi kwana biyu kana nuna wa mutane." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juya wa bango fuska ta ce mu fita.

Na sauko tamanin da takwas ɗin, na sake hawa, na sake sauka. Ban san abin da zan yi ba ban da wannan.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Ta ce kada in zo.

Asabar, ƙarfe goma na safe

64. Na ɗaga goma sau uku. Bakanike ya ƙara ƙarfe.

Ta ce kada in zo.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Mijinta ya kira, wai tana nemana. Na ajiye motar a tasha na roƙi wani ya ƙarasa mini zagayen.

Ta ƙanƙance a cikin kwana biyar. Zoben da ba ya fita daga yatsanta yana kan tebur. Ta ce in matso. Ta lallatsa damtsena kamar mai taya kaza a kasuwa, ta ce, "Ashe da gaske kake." Na ce da gaske nake. Ta tambayi abin da maman yara ta ce, na ce ta yarda. Ta ce, "Ƙarya kake, amma Allah ya yi mata albarka."

Sai ta ce, "Ni na ɗura maka kitsen nan. Kana yaro ba ka cin abinci sai na zuba sukari. Har a shinkafa." Na ce ba ita ba ce, lemon kwalba ne. Ta ce in bar ta da laifinta.

Da zan tafi ta riƙe mini riga. Muryarta ta yi ƙasa, don kada mijin ya ji. "In za ka yi, ka yi sauri, Auta."

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ƙwai ɗaya. Ba abincin rana. Tafiya awa biyu bayan aiki.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

63.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

62 da rabi. Na san abin da aka ce. Ta ce in yi sauri.

Litinin, ƙarfe uku na rana

62. An sake hoto yau, bayan mako huɗu.

Kashi goma sha huɗu.

Malama Awo ta ɗora tef a damtsena, ta duba littafin nan, ta buɗe shafukan makon jiya ɗaya bayan ɗaya. Na ji kunya, don ta ga sunan da na sa mata, ta ga sauran ma. Ta rufe ta ce, "Ka san abin da ka ƙona a kwana shidan nan? Naman da bakanikenka ya sha wuya ya ɗora maka. In ka shiga wurin likita da 62, ko hantarka ta koma ta jariri ba zai yi ba."

Na ce Yaya ba ta da lokaci.

Ta ce ta sani. Ta ce ta hau ta gan ta. Sannan ta turo mini sabuwar takarda: sau biyar a rana zan ci, ko ina so ko ba na so.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Wannan shi ne mafi wuya, ban taɓa zato ba.

Lokacin cin abincina na uku ya faɗo daidai lokacin ziyara. Yaya ba ta iya haɗiye komai yanzu, ko cokali biyu na madara sai ya dawo. Na ɗauki kwanona zan fita baranda, ta ce in zauna in ci a gabanta. Na ce warin kifi zai tayar mata da zuciya. Ta ce zuciyarta ce ko tawa?

Na zauna na ci. Kifi, wake, ƙwai biyu. Tana kallon kowace loma tun daga kwano har bakina. Da na tsaya ta ce, "Saura." Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ban tambaye ka ba." Na cinye.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

62 da rabi.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Maman yara ta yi magana yau. Muna wanke kwanuka, ba ta dube ni ba. Ta ce ta karanta takardar da zan sa wa hannu, ta ga layin da ya ce cikin mutum ɗari biyu ko ɗari uku, ɗaya ba ya tashi. Ta ce kullum tana auna man nan tana addu'a biyu masu faɗa da juna, ba ta san wadda take so a amsa ba. Ta ce, "Yaya ce ta zauna da ni da na haihu, ita ta yi mini komai. Kada ka ɗauka ba na sonta."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ba ka sani ba. Miƙo mini tukunyar."

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

63. Ciki 88.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Wata tsohuwar fasinja da ke shiga motata kullum ta ce na yi kyau, fuskata ta washe, ko sabon aure na yi? Na ce a'a. Ta ce to ko me nake sha in ci gaba. A tasha ma sun rasa sunan da za su kira ni, wani ya ce sai dai a ce Tsohon Tumbi. Kowa na yi mini murna.

Na wuce tashar asibiti ban tsaya ba. Mutum uku suna ta buga jikin motar kafin na farga.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na hau tamanin da takwas ban yi haki ba.

Tana barci da na shiga. Ta farka ta ce, "Baba, ka dawo?" Na ce ni ne, Auta. Ta ce ta sani mana. Can kuma ta ce in duba ko yaron nan ya ci abinci, ba ya ci sai an zauna a kansa. Na ce ya ci. Ta ce a sa masa sukari. Na ce an sa.

Nas ta ce haka ciwon yake yi, yana zuwa yana tafiya.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

63 da rabi.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Yau garau take. Ta sa an taje mata kai, ta yi wa mijinta faɗa a kan rigar da ya sa kwana uku. Ta tambaye ni kashi nawa ya rage. Na ce ranar Laraba za a gani. Ta ce in na ci jarrabawar za ta ba ni kyautar da take ba 'yan ajinta, fensir da alewa. Sai ta ce au, alewar dai a bari.

Mijinta ya raka ni har matakala. Ya riƙe hannuna da nasa biyu. Shekara talatin ina saninsa, maganarsa ba ta cika kofi ba. Ya ce, "Laraba." Na ce Laraba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

64. Na ɗauki hoton sikelin da waya.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Kashi tara.

Malama Awo ta tafa hannu sau ɗaya, sannan ta tuna inda take. Ciki 86, damtse ya ƙaru. Ta ce a shekarunta na aiki mutum biyu ta gani sun yi haka. Na ɗauki takardar na haura ofishin likita da gudu.

Ya karanta, ya ce na yi ƙoƙari. Ya sake cewa na yi ƙoƙari. Na ce yaushe? Ya ce zazzaɓi ya kama ta tun daren jiya, wani ciwo ya shiga jininta. Ba a yin aiki a kan zazzaɓi. Sai ya sauka, sai ta ɗan yi ƙarfi. Na ce kwana nawa? Ya ce mu ga yadda za ta karɓi magani. Ya ce ni dai in riƙe jikina yadda yake, kada ya hau kada ya sauka.

Sun mayar da ita wani ɗaki a hawa na biyu, mai ƙofar gilashi. Minti goma ake bari, mutum ɗaya. Na bar wa mijinta. Na manna takardar a jikin gilashin ko za ta buɗe ido.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

64. A shirye nake.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

64. Ƙwai uku, wake, kaza. Ƙarfe. A shirye nake.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na samu minti goman. Na gaya mata tara ne, a kunne, sau uku. Na ce na ci jarrabawa, ina fensir ɗina. Na'urar da ke gefenta tana ta ƙara iri ɗaya. Hannunta ya kumbura, ban san inda zan riƙe ba, sai na riƙe yatsa ɗaya. Nas ta ce wataƙila tana ji.

Na tare likita a baranda. Na ce ya yi haka nan, na yarda, zan sa hannu a kan ko mece ce. Ya ce ba hannuna ne matsalar ba. Na ce ga hantar nan a cikina, lafiyayya, taku ashirin tsakanina da gadon. Ya dafa kafaɗata. Ban taɓa jin ina son in mari mutumin kirki ba sai yau.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

64.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

64.

Talata

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ban hau sikeli ba. Gidan Yaya cike da masu ta'aziyya, an fitar da kujeru waje. Kowa ya zo sai ya ce na yi iya yina. Maman yara ta kawo mini kwano har inda nake zaune, ta auna komai kamar kullum. Na dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Ban san yadda zan dafa maka wani abu dabam ba yanzu." Ta zauna kusa da ni a ƙasa, muka bar shi ya huce.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na koma aiki. Bakanike ya jingine ƙarfen a bayan gareji, ya rufe da buhu.

Ina hutun rana aka kira daga asibiti. Wata murya ce ban san ta ba, daga ofishin da ke tsara ranakun aiki. Ta ce takarduna sun iso gare su, komai ya yi daidai, an ware mana Alhamis mai zuwa. Kada in ci komai daga daren Laraba, in zo da kayan kwana bakwai. Tana karantowa da fara'a. Da alama takardar hawa na biyu ba ta kai teburinta ba tukuna.

Na bar ta ta gama. Ta ce ina da tambaya?

Na ce ƙarfe nawa.

Ta ce shida na safe.

Na ce to, na gode. Fasinja sun riga sun cika motar, wani yana buga gilashi yana nuna mini agogo.